Yadda Za Ka Karanci Ilimin Gudanar da Kasuwanci Don Jarrabawar Shiga Aikin Gwamnati

Wanda ya ɗauki ilimin gudanar da kasuwanci don shiga jarrabawar aikin gwamnati yakan fara da murna. Ya buɗe littafi, ya ga maganar tsara aiki da shugabanci da ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa, sai ya ce ai wannan abu ne da kowa ya sani. Wannan murnar ce ke kayar da mutane. Darasin yana da daɗin karantawa amma yana da wuyar ba da maki, domin duk wanda ya zauna a zauren jarrabawa zai iya cika shafi biyu da cewa shugaba nagari yana sauraron na ƙasa da shi. Kafin mai duba takarda ya iso taka, ya karanta irin wannan amsa sau ɗari, kuma matsakaicin maki ya ba su duka.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga farko. Hukumar da ke ɗaukar ma'aikata tana neman wanda zai ɗauko kayan aikin da aka ƙera wa kamfanoni, ya yi aiki da su a ofishin da ba riba ake nema a cikinsa ba, ya kuma san inda kayan aikin za su ƙi ci. Duk matakan da ke tafe a kan wannan na gina su.

Mataki na farko: manhaja da tambayoyin shekarun baya

Kafin ka sayi littafi ko ɗaya, nemi abu biyu daga hukumar da ke shirya jarrabawar: manhajar darasin ta wannan shekarar, da takardun tambayoyin shekarun baya, aƙalla na shekara biyar, in da hali goma. Kada ka dogara da kwafin da wani ya turo maka ta waya. Manhaja tana canzawa, kuma wanda ya turo maka bai lura ta canza ba.

Jarrabawowin nan sun sha bamban. A Indiya, misali, mai neman manyan muƙaman gwamnatin tarayya yana iya ɗaukar gudanarwa a matsayin darasinsa na zaɓi, ya rubuta takarda biyu, kowace maki 250 cikin awa uku, duk amsoshin rubutu ne. A wasu wurare tambayoyin zaɓi ne, amsa ɗaya cikin huɗu, a gaban kwamfuta, darasin kuma wani yanki ne kawai a cikin takarda. Shirin waɗannan biyu ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa sai ka san wacce za ka fuskanta.

Ga aikin da za ka yi da takardun. Sami babbar takarda, ka jera kanun manhajar a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, ka jera shekarun a sama. Sai ka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowace ka sa mata alama a gaban kan da ta fito daga cikinsa, ka rubuta makinta, ka kuma rubuta kalmar umarnin da aka yi amfani da ita: bayyana ne, ko kwatanta, ko tantance, ko lissafa. Aikin yini biyu ne ko uku. Idan ka gama za ka ga wani kan yana da alama takwas, wani ko ɗaya babu. Wannan takardar ita ce za ta raba maka lokacinka. Kan da bai taɓa fitowa ba ma ka karanta shi, amma karatun sani, kada ka kashe masa mako.

Mataki na biyu: auna kanka kafin ka fara

Ɗauki takardar shekara guda da ba ka zurfafa a cikinta ba, ka zauna ka amsa ta cikin lokacin da aka ƙayyade, ba tare da ka karanta komai ba. Makin zai yi ƙasa, ba komai. Abin da ake so shi ne ka ga inda ka tsaya cak.

Galibin manhajoji suna ɗauke da ka'idojin gudanarwa da halayyar mutane a wurin aiki, da kula da ma'aikata, da akanta da harkar kuɗi, da tallata kaya, da sarrafa kaya da ayyuka, da ƙididdiga, da dabarun dogon zango. Kusan rabin waɗannan lissafi ne. Idan darasin na zaɓi ne kuma ka san ba ka da niyyar zama da lissafi ko kaɗan, gara ka sake tunani yanzu da ka gane haka saura wata biyu. Idan ka yanke shawarar ci gaba, sai ka ɗauki littafi ɗaya tak ga kowane yanki, ka kama shi har ƙarshe. Karanta littafi ɗaya sau uku ya fi taɓa littafi biyar sau ɗai-ɗai.

Mataki na uku: karanta masanan a matsayin masu gardama da juna

Nan ne mafi yawan masu jarrabawa ke ɓata wahalarsu. Suna haddace sunaye da shekaru kamar jerin sarakuna, alhali mutanen nan martani suke yi wa juna. In ka kama zaren gardamar, haddar za ta zo da kanta.

Fara da Frederick Taylor, injiniya a masana'antun ƙarfe na Amurka. Abin da ya dame shi shi ne kowane lebura yana aiki yadda ya ga dama, ba wanda ya san adadin aikin da ya kamata a yi a yini. Sai ya ɗauki agogo yana auna kowane motsi, ya cire wanda ba shi da amfani, ya tsara hanya ɗaya, ya haɗa albashi da yawan aiki. A rubutunsa na 1911 ya ce a kamfanin ƙarfe na Bethlehem ya ɗaga yawan ƙarfen da lebura ke lodawa a yini daga tan 12 da rabi zuwa kimanin tan 47. Henri Fayol kuwa, a Faransa, daga sama yake kallon aiki, domin shugaban babban kamfanin haƙar ma'adinai ne. A 1916 ya fitar da ayyukan manaja guda biyar, wato hangen gaba da tsarawa, shirya mutane da kayan aiki, ba da umarni, daidaita sassa, da sa ido, ya kuma kawo ka'idoji 14. Ɗaya daga cikinsu ita ce kowane ma'aikaci ya karɓi umarni daga shugaba ɗaya. Taylor kuma ya ba da shawarar a raba aikin mai kula da lebura ga mutum takwas, kowa da fanninsa. Ka ga sun yi karo ke nan. Wanda ya nuna wannan karon a tambayar "kwatanta Taylor da Fayol" ya riga ya wuce wanda ya jera ra'ayoyinsu gefe da gefe kawai.

Max Weber na Jamus shi ne ya fi kusa da aikin da kake nema. Ya bayyana tsarin ofis wanda ke tafiya bisa doka rubutacciya, da matakan muƙami, da ajiye komai a fayil, da ɗaukar ma'aikaci bisa cancanta, da raba muƙami da mai riƙe da shi. Jarrabawar da kake shirin shiga ma 'yar wannan tunani ce. A Birtaniya rahoton Northcote da Trevelyan na 1854 ne ya nemi a riƙa ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar gasar jarrabawa maimakon alfarma. Idan aka tambaye ka aibin tsarin ofis na Weber, kada ka tsaya ga cewa yana jawo jinkiri. Ka faɗi dalilin da ya sa aka ƙirƙire shi, wato kare talaka daga son ran ma'aikaci, sannan ka nuna yadda dokar da aka sa don kariya take komawa ita ce manufa.

Daga nan sai aka juya ga ɗan Adam. Binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Shikago, tsakanin 1924 da 1932, ya fara ne da tambayar ko ƙarin haske yana ƙara aiki. Abin da ya fito, kamar yadda Elton Mayo da abokan aikinsa suka fassara shi, shi ne kulawar da ake ba ma'aikata da dokokin da suke kafa wa junansu a ɓoye suna da ƙarfin da albashi kaɗai ba shi da shi. An soki hanyar binciken daga baya, musamman ƙarancin mutanen da aka gwada a wasu sassansa, kuma ambaton wannan sukar yana ƙara maki.

A kan wannan turba Abraham Maslow ya jera buƙatun mutum hawa biyar a 1943, daga ci da sha zuwa cika burin kai. Frederick Herzberg, bayan hira da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh, ya ce a 1959 abubuwan da ke hana ƙorafi daban suke da abubuwan da ke zaburarwa: albashi da yanayin ofis in sun lalace ana fushi, amma gyara su ba ya sa a so aiki, abin da ke sa a so aiki shi ne nauyin da aka ɗora wa mutum da yabo da ci gaba. Douglas McGregor a 1960 ya ce matsalar tana kan zaton manaja: wanda ya ɗauka ma'aikata malalata ne zai tsara ofis irin na tsaro, wanda ya ɗauka suna son aiki zai sakar musu mara.

Kada ka tsallake Herbert Simon. Luther Gulick ya taƙaita aikin shugaban hukuma a 1937 cikin haruffan POSDCORB, wato haruffan farko na kalmomin Turanci masu nufin tsarawa, shirya aiki, samar da ma'aikata, ba da umarni, daidaitawa, ba da rahoto da kasafin kuɗi, sai Simon ya zo ya ce yawancin waɗannan ka'idoji kamar karin magana suke, kowace tana da kishiyarta: a ce shugaba ya kula da mutane kaɗan, a kuma ce a rage hawan muƙamai, alhali yin ɗaya yana ɓata ɗayan. Shi ne kuma ya nuna cewa mai yanke shawara ba ya da cikakken bayani ko isasshen lokaci, don haka yakan tsaya ga zaɓin da ya wadatar, ba wanda ya fi kowane ba. Ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978. A ganina babu masanin da ya fi shi amfani ga amsoshin da suka shafi gwamnati.

Ga kowane masani ka ware kati ɗaya mai layi huɗu: matsalar da ya tarar, maganin da ya kawo, sukar da aka yi masa, da yadda ra'ayinsa zai kasance a ofishin gwamnati. Ka fara bayyana wa kanka ra'ayin da bakinka, cikin harshen da kake tunani da shi, kamar kana koya wa ƙaninka. In ka kasa, ba ka gane ba tukuna. Bayan haka ka rubuta katin da harshen jarrabawar, da kalmomin fannin yadda suke, da sunayen yadda ake rubuta su.

Mataki na huɗu: lissafi, inda maki yake cikakke

Amsar rubutu, komai kyanta, da wuya ta cinye duk makin da aka ware mata. Amsar lissafi in ta yi daidai takan cinye. Don haka ina roƙonka ka ba lissafi awa ɗaya kullum tun daga makon farko, da biro da takarda. Kallon yadda wani ya warware ba ya koyar da hannu. Ga nau'o'i huɗu da suke yawan fitowa.

Na farko, matakin da ba riba ba asara. A ce wata masana'anta tana kashe 600,000 a shekara a kan haya da albashin dindindin, ko ta yi kaya ko ba ta yi ba. Tana sayar da kowane kaya a 50, kuma yin kowane ɗaya yana cin 30. Kowane kaya ke nan yana barin 20 don biyan wancan tsayayyen kuɗi. Raba 600,000 da 20, ka sami 30,000: sai an sayar da wannan adadi kafin a fita daga asara. In aka ce ana son ribar 200,000, sai ka haɗa ta da tsayayyen kuɗin, ka raba 800,000 da 20, ka sami 40,000. Kuskuren da na fi gani a takardun ɗaliban da nake duba wa shi ne raba 600,000 da 50, wato da farashin sayarwa, a mance cewa kowane kaya yana da nasa kuɗin yi.

Na biyu, darajar kuɗin gobe a yau. Wannan ka zauna da shi sosai, domin shi ne ƙashin bayan tantance ayyukan raya ƙasa. A ce wani aiki zai ci 1,000,000 yau, ya riƙa dawo da 400,000 kowace shekara har shekara uku. Da ido, an sa miliyan ɗaya an kwashi 1,200,000, kuma jarin ya dawo cikin shekara biyu da rabi. Amma in kuɗin da aka zuba yana da tsadar kashi 10 cikin 100 a shekara, dole a rage darajar abin da zai zo daga baya. Na shekarar farko ka raba shi da 1.1, ya zama 363,636. Na biyu ka raba da 1.21, ya zama 330,579. Na uku ka raba da 1.331, ya zama 300,526. Jimla 994,741. Cire miliyan ɗayan da aka kashe, saura asarar 5,259. Aikin da ya yi kama da mai ribar 200,000 ashe bai ma mayar da kuɗinsa ba. Idan ka gama lissafin ka ƙara jumla ɗaya ta hukunci: bisa wannan ma'auni ba a karɓi aikin ba. Mutane da yawa suna barin amsar a lamba tsirara su rasa makin ƙarshe.

Na uku, adadin da ya fi dacewa a yi oda. Dabarar ta Ford Harris ce tun 1913. Ofis yana amfani da fakitin takarda 10,000 a shekara. Kowace oda tana cin 200 wajen rubuce-rubuce da sufuri, ajiye fakiti ɗaya a sito na shekara kuma yana cin 4. Ninka 10,000 da 200, ka ninka da 2, ka sami 4,000,000. Raba da 4, ka sami 1,000,000. Nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan: 1,000. Oda goma ke nan a shekara, kowace fakiti dubu. Don tabbatarwa, kuɗin oda na shekara 2,000 ne, kuɗin ajiya na matsakaicin fakiti 500 shi ma 2,000 ne. A daidai amsar, su biyun kullum suna yin kunnen doki.

Na huɗu, hanyar da ba ta ɗaukar jinkiri a cikin babban aiki. Dabaru biyu na tsara lokacin aiki da ake amfani da su a nan, waɗanda ake kira CPM da PERT, sun fito ne a ƙarshen shekarun 1950, ta farko daga kamfanin DuPont, ta biyu daga shirin makami mai linzami na Polaris na sojan ruwan Amurka. A ce za a buɗe ƙaramin asibiti. Amincewa da zane mako 3. Bayansa gini mako 10, odar kayan aiki kuma mako 6, suna tafiya tare. Girka kayan mako 2, amma sai gini ya ƙare kuma kayan sun iso. Hanyar gini ta ba da 3 da 10 da 2, mako 15. Hanyar oda ta ba da 3 da 6 da 2, mako 11. Aikin mako 15 ne, odar kaya tana da rarar mako 4, gini kuwa kwana ɗaya ya makara duk aikin ya makara. In aka ba ka ƙiyasi uku na ginin, mafi sauri 6, wanda aka fi zato 9, mafi jinkiri 18, sai ka ninka na tsakiya sau huɗu, ka haɗa da sauran biyun, ka raba da 6: 60 raba 6, mako 10.

Ka ware littafi na musamman don kurakuranka. Duk lissafin da ka faɗi, rubuta shi da dalilin faɗuwar. Bayan wata guda za ka ga kuskure uku ko huɗu ne kake ta maimaitawa.

Mataki na biyar: gina gada zuwa ofishin gwamnati

Duk kan da ka gama, tambayi kanka: me zai canza in an kai wannan ma'aikatar gwamnati? Amsoshin sukan koma ga abubuwa kaɗan. Kamfani yana da ma'auni ɗaya bayyananne, riba. Hukuma tana da manufofi da yawa masu ja da juna, kamar rage kashe kuɗi da kai aiki ga ƙauyen da ya fi nisa. Kamfani yana iya zaɓar abokan cinikinsa. Hukuma ba ta da ikon korar ɗan ƙasa don yi masa aiki yana da tsada. Manajan kamfani yana iya ƙara albashi ko sallama cikin sauri; shugaban sashe a gwamnati yana ɗaure da dokokin aiki da matakan albashi. Kuɗin hukuma kuma majalisa ce ke amincewa da su shekara-shekara, masu binciken kuɗi suna biye.

Da wannan a hannunka, ka'idojin suna samun sabon rai. Herzberg ya zama mai amfani ƙwarai, tunda shugaban da ba shi da ikon taɓa albashi har yanzu yana da ikon ba da nauyi da yabo da horo. Aikin da lissafi ya nuna asara, in na asibiti ne misali, yana iya zama abin yi, in aka sa darajar lafiyar jama'a a cikin ma'auni. Gudanarwa bisa manufofi, wadda Peter Drucker ya yaɗa a 1954, tana da daɗin faɗa, amma in aka auna ofis da yawan fayil ɗin da ya rufe, ma'aikata za su bi masu sauƙi su bar masu wuya a ƙasan tebur.

Ka tanadi misalai na gaskiya kaɗan da ka tabbatar da su. Kasafin kuɗi mai farawa daga sifili, wanda kowane sashe zai kare duk abin da yake nema daga tushe, Peter Pyhrr ne ya tsara shi a kamfanin Texas Instruments, Jimmy Carter ya ɗauke shi zuwa jihar Jojiya yana gwamna, sannan zuwa gwamnatin tarayyar Amurka a 1977, kuma yawan takardun da yake buƙata na cikin abin da ya sa bai daɗe ba. Sauye-sauyen da Birtaniya da New Zealand suka yi a shekarun 1980, na shigo da kwangilar aiki da auna sakamako da gasa cikin hukumomi, su ma misali ne mai fuska biyu. Ƙara da misalai daga ƙasar da kake neman aiki a cikinta: dokar sayen kayan gwamnati, tsarin auna ƙwazon ma'aikata, rahoton babban mai binciken kuɗi. Misali ɗaya na gaskiya ya fi sakin layi uku na zance.

Sassan tallata kaya da dabarun dogon zango ba sa cin lokaci. Ginshiƙai huɗu na Jerome McCarthy na 1960, wato kaya, farashi, wurin samu da talla, da ƙarfafa biyar masu juya gasa na Michael Porter na 1979, da ma'aunin auna ƙwazon kamfani ta fuska huɗu na Kaplan da Norton na 1992, duk ana kama su cikin kwanaki. Ka gwada kowane a kan wani aikin gwamnati, kamar gangamin rigakafi, ka ga inda ya zauna da inda ya goce.

Mataki na shida: raba lokaci da bita

In kana da wata shida, ba wata uku da rabi ga karatun farko, wata ɗaya da rabi ga bita da rubuta amsoshi, wata na ƙarshe ga cikakkun gwaje-gwaje. In lokacinka bai kai haka ba, rage kowane kashi gwargwado, amma kada ka cinye na ƙarshe.

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo. Don haka abin da ka karanta yau ka waiwaye shi gobe, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Waiwayen kuma ba sake karantawa ba ne. Rufe littafin, ɗauki farar takarda, rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga abin da ya zube. Yana da gajiyarwa fiye da ja layi a ƙarƙashin jumloli, kuma shi ne yake zama a kai. Mai aiki da rana ya fi cin ribar awa biyu kullum a kan awa goma sha huɗu ranar hutu.

Mataki na bakwai: rubuta amsa

Fara rubuta amsoshi tun wata na biyu, kada ka jira ka gama manhaja. Raba mintunan jarrabawar da jimlar maki don ka san lokacin da kowane maki zai ci. A takardar maki 250 cikin minti 180, tambayar maki 10 tana da kimanin minti bakwai. Sa agogo a gabanka kullum.

Kalmar umarni ita ce ke faɗa maka siffar amsa. In an ce bayyana, ma'ana da sassa da misali ake so. In an ce kwatanta, zaɓi ma'aunai uku ko huɗu ka auna abubuwan biyu a kan kowane. In an ce tantance, dole ka kawo amfani da aibi sannan ka tsaya a gefe ɗaya da hujja.

Ɗauki tambaya irin wannan: ma'aikatan wani ofishin ba da lasisi suna makara, fayiloli sun taru, jama'a suna ƙorafi, me za ka yi a matsayinka na sabon shugaba? Amsa mai rauni za ta ce a ƙarfafa musu gwiwa, a ba su horo, a hukunta masu laifi. Amsa mai ƙarfi za ta fara da gano ciwon: a bi fayil ɗaya daga shigarsa zuwa fitarsa, a ƙirga teburan da yake tsayawa da kwanakin da yake yi a kowane, irin aunawar Taylor. Sai ta raba ƙorafin ma'aikatan gida biyu bisa Herzberg, ta nuna wanne ke hannun shugaba wanne ke hannun hedikwata. Sai ta kawo matakai da lokacinsu: abin da za a yi a makon farko, da wata uku, da shekara. Sai ta faɗi ma'aunin nasara, misali matsakaicin kwanakin fitar da lasisi, tare da binciken inganci don kada sauri ya kawo sakaci. Ta kuma nuna cewa ladabtarwa sai ta bi dokokin aiki. Sunan masani ya shigo sau biyu kawai, kowane a wurin da yake aiki.

Ba wani ya duba maka amsoshinka, wanda zai faɗa maka gaskiya. In babu, ajiye amsar kwana biyu ka karanta ta da jan biro, kana tambayar kowace jumla ko wanda bai taɓa karanta darasin ba zai iya rubuta ta. In zai iya, goge ta ka sa hujja ko misali a gurbinta.

In jarrabawarka ta zaɓi ce, duba ko ana cire maki a kan kuskure. Inda ake cire kashi ɗaya bisa uku kuma zaɓin huɗu ne, cankar ido rufe ba ta ƙara komai ba ta rage komai in an daɗe ana yi. Amma in ka iya fitar da zaɓi biyu da ka tabbata ba su ba ne, canka tsakanin sauran biyun tana da riba. A zauren, karanta takardar gaba ɗaya a minti biyar na farko, ka fara da lissafin da ka tabbata da shi tun kanka yana sanyi, ka rubuta kowane mataki a fili domin ana ba da maki a kan hanya ko da lambar ƙarshe ta kuskure. Tambayar da lokacinta ya cika ka bar mata layi biyar fanko ka wuce, ka dawo mata a minti goma na ƙarshe.